Alamar da ba ta tsallake iyaka: yadda muka ɗaure ta a taswirar Dawaki

Da yawa daga cikinku sun tambaye mu a kan ƙaramin shafin da matasan ƙungiya suka haɗa, wanda mutum zai ja jar alama da yatsa ya ajiye ta a kan hoton unguwa, daidai inda kwata ta toshe. Tambayar da ta fi yawa ita ce: me ya sa alamar take tirjewa idan ta kai bakin hoton, ko da yatsa ya ci gaba da tafiya? Wasu sun ɗauka wayarsu ce ta samu matsala. Wayarku lafiya lau. Da gangan aka yi haka, kuma ga dalili.

Duk wanda yake zaune a Gombe ya san abin da ruwan Agusta yake yi mana. Ƙasarmu mai yashi ce, zaizaya ba ta yi mata wuya, kuma leda ɗaya da ta tare bakin kwalbati tana iya juya ruwa zuwa katangar wani. Ranar aikin gayya kuwa shebur da baro ba su da yawa, hannaye ma haka. Don haka inda alama ta nuna, can ake tura mutane. Alamar da ta sauka a inda ba daidai ba, safiyar mutum goma ce ta tafi a banza.

Shi abin da ake ja a shafin intanet bai san iyaka ba sai an koya masa. Idan aka bar shi, zai bi yatsa ya fita daga akwatin da yake ciki, ya ɓuya a bayan rubutu ko ya wuce gefen fuskar waya. Matashi zai sake buɗe shafin ya ci gaba. Dattijon da aka lallaɓa ya gwada sau ɗaya, shi kam ya gama, ba zai dawo ba. Sannan lambar da shafin zai ajiye ta zama ta wani wuri da babu shi a taswirar kwata-kwata.

Lissafin ba mai wuya ba ne. A ce faɗin akwatin fiksel 360 ne, kamar na yawancin wayoyin Tecno da itel da ke hannunmu, alamar kuma faɗinta 40. To gefenta na hagu ba zai yi ƙasa da 0 ba, ba kuma zai haura 320 ba. Duk motsin da yatsa ya yi, sai a duba: in lambar ta wuce 320 a mayar da ita 320, in ta faɗi ƙasa da sifili a mayar da ita sifili. Haka ake yi wa sama da ƙasa. Masu amfani da jQuery UI, wanda ya fito tun 2007, layi ɗaya suke rubutawa su ce abin ya tsaya a cikin akwatin da ya ɗauke shi, shi ke nan.

Amma wannan layi ɗaya bai ishi taswira ba, kuma nan ne muka fi daɗewa muna muhawara. Alama irin tamu kamar ƙusa take, kanta a sama, tsininta a ƙasa a tsakiya. Tsinin ne yake nuna wuri. In aka ce duk jikinta ya zauna cikin akwati, tsinin ba zai taɓa kaiwa gefen hagu ko na dama ba, kullum da sauran fiksel 20. Gefen sama ya fi muni, domin tsawon alamar gaba ɗaya ne zai shiga tsakani. Fiksel 20 a waya ba komai ba ne, a ƙasa kuwa layin gidaje ne. Wato mutanen da ke bakin unguwa, waɗanda galibi su ruwa ya fi ci, su ne shafin zai hana kai ƙara. Shi ya sa muka ɗaure tsinin muka saki kan. In kun ga rabin alamar ya leƙa waje, daidai ne, tsinin yana ciki.

Akwai wasu ƙananan abubuwa. Ba fiksel muke ajiyewa ba, kaso cikin ɗari na faɗi da tsawo muke ajiyewa, don wurin da aka nuna a ƙaramar waya ya faɗa daidai a kwamfutar sakatare. In aka kwantar da waya, shafin yana sake auna akwatin. Kuma jQuery UI ɗin ma daga baya muka ajiye shi: da linzamin kwamfuta aka gina shi, bai san yatsa ba sai an ƙara masa wani faci, ga shi tun 2021 masu kula da shi suka ce gyara kawai za su riƙa yi. Burauzar zamani tana gane yatsa da kanta, kuma rage nauyin shafi rage kuɗin data ne.

Iyayenmu mata ne suka jawo hankalinmu ga abin da ya fi duk wannan. Ja da yatsa ba kowa yake iya shi ba. Akwai mai rawar hannu, akwai mai wayar da gilashinta ya tsage, yatsa na zuwa kan tsagar sai alamar ta kuɓuce. Ashe ma ƙa'idojin WCAG 2.2 da hukumar W3C ta fitar a Oktoban 2023 sun tanadi haka: duk aikin da ake yi da ja, a samar da hanyar yin sa da taɓawa kawai. Yanzu in ka taɓa wuri a hoton, alamar za ta je can da kanta.

Saura batun girman akwatin kansa. Wasunmu sun so hoton ya tsaya daidai iyakar Dawaki, kada mu shiga hurumin wasu. Hujjarsu tana da ƙarfi, ba ma son a ce muna ƙirga wa maƙwabta shararsu. Sai dai ruwan da yake shigo mana daga wani wuri yake tasowa, kuma sau da yawa toshewar da take cutar da mu tana can gaba da layinmu na ƙarshe. Abin da aka tsayar shi ne hoton ya ɗan shiga unguwannin da ke kewaye da mu. Alamar da ta faɗa can ba ma tura shebur, sai dai dattawanmu su kai maganar ga mai unguwar wurin.

Masu tsofaffin wayoyi muke nema yanzu, musamman masu ƙaramar fuska. Ku ja alamar zuwa kusurwa huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ku kwantar da wayar ku sake gwadawa. In tsinin ya ƙi kaiwa ƙofar gidanku, ku faɗa mana irin wayar da layin da kuke, kafin ruwa ya sauka.