Zuwa Ga Ɗana, Sabon Mashawarcin Gwamna

 

Tun ranar da aka sanar da naɗinka a rediyo zaurenmu bai huta ba. Mahaifiyarka ta dama fura ƙwarya uku, 'yan taya murna suna shiga suna fita, wasu ma rabona da su tun ranar sunanka. Na yi farin ciki, Allah ya sani. Amma da dare ya raba barci ya ƙi zuwa, sai na buɗe tsohuwar adakar nan da kuke ɓuya a bayanta kuna yara, na zaro littafin nan mai takarda ruwan ɗorawa wanda gara ta ci gefen bangonsa, Al-Ahkamus Sulɗaniyya na Mawardi. A kan mai littafin nake son mu yi magana, kuma na rubuta a fili ne don ba kai kaɗai ne ɗan da aka jawo kusa da kujera bana ba.

Sunansa Abul Hasan Aliyu ɗan Muhammadu ɗan Habibu. An haife shi a Basra shekara ta 364 ta Hijira, wato 974, a gidan masu sayar da ruwan wardi, inda laƙabin nasa ya samo asali. Ya fara fiƙihun Shafi'iyya a garinsu wurin Saimari, ya ƙarasa a Bagadaza gaban Abu Hamid Isfarayini, sannan ya yi alƙalanci a garuruwa da dama. Zamanin da ya tarar hargitsattse ne. Tun 945 sarakunan Buwaihi, mayaƙa daga Dailam, suka shiga Bagadaza. Halifan Abbasiyawa yana nan, ana ambaton sunansa a huɗuba, amma takobi da baitulmali suna hannun wasu. Tsakanin waɗannan gidaje biyu Mawardi ya yi ta kai da kawowa. Halifa Alƙadir ya amince da shi, ɗansa Alƙa'im ya riƙa aikensa jakadanci wurin sarakunan Buwaihi, har ya tura shi wurin Ɗugril Beg na Saljukawa. Ka ga ke nan a fada ya tsufa, don haka ba zan ce maka zaman fada haramun ne ba.

Abin da ya hana ni barci ya faru ne a shekara ta 429, wato 1038. Sarki Jalalud Daula ya nemi a ƙara masa laƙabin Shahanshah, ma'ana sarkin sarakuna. Da aka ambaci sunan a kan mumbari jama'a suka fusata, suka jefi masu huɗuba da tubala. Sai aka nemi fatawar malamai. Manya irin su Abuɗ Ɗayyib Ɗabari suka halatta, suka ce ai sarakunan duniya ake nufi. Mawardi ya ce bai halatta ba, saboda hadisin da ya yi tir da mai kiran kansa da wannan suna. To, shi ɗin yana cikin mafi kusa da Jalalud Daula, kullum yana gidansa. Ibnul Asir ya ba da labari cewa daga nan ya lizimci gidansa cikin tsoro, tun daga Ramalana har ranar Babbar Salla. Sannan sarkin ya aika a kira shi, ya zo gabansa na faɗuwa, aka shigar da shi shi kaɗai. Sarkin ya nuna masa ya gane cewa addini ne ya sa shi saɓa masa ba ƙiyayya ba, ya kuma ƙara masa girma.

Kada daɗin ƙarshen labarin ya ɗauke maka hankali, ɗana. Ranar da ya ba da fatawar bai san haka za ta ƙare ba. Wata biyu da ɗoriya dattijo mai shekara fiye da 60 yana zaune a ɗaki, kowane bugun ƙofa sai ya ɗauka shi aka zo tafiya da shi. Tsoron yana nan, bai kuma janye ba.

Akwai masu zarginsa da cewa a littafinsa ya halatta wa masu ƙwace mulkinsu. Lallai ya rubuta cewa wanda ya kama yanki da ƙarfi, halifa zai iya naɗa shi idan zai tsayar da shari'a ya kuma yi biyayya. Na daɗe ina juya wannan magana, kuma a ganina talaka ya duba, don kada hukuncin alƙalai da karɓar zakka da sauran al'amuran jama'a su zama babu tushe a faɗin ƙasa guda. Inda sassauci zai tsare haƙƙin mutane ya sassauta. Laƙabin nan kuwa ba wanda zai amfana da shi sai girman kan mutum ɗaya, shi ya sa ya cije.

Littafin babi 20 ne, daga shugabanci da wazirci har zuwa hisba. Ka fara da babin sauraren koke-koken zalunci. A nan ya sa zaluncin gwamnoni a kan talakawa a gaba, sai na masu karɓar haraji, sai na magatakardan da ke ƙari da ragi a littattafan gwamnati, ya ce waɗannan uku ba a jiran sai wani ya kawo ƙara. Yana gama su ya shiga maganar ma'aikatan da aka rage wa albashi ko aka jinkirta musu. Kusan shekara dubu ke nan, amma sai ka ce jiya ya leƙa ofishinku.

Ban taɓa gaya maka wannan ba. Lokacin da nake shugaban makarantar firamare, kana rarrafe, aka kawo mini takarda in sa hannu cewa an gama azuzuwa biyu. Ina kallonsu ta taga, ba kwano ba ƙofa. Wanda ya kawo takardar abokina ne, tare muke cin tuwo, ya ce sati biyu kawai. Na sa hannu. Damina uku yara suna karatu a gindin darbejiya, hadari na tasowa mu sallame su. Ba wanda ya tsorata ni, kunyar aboki kawai na ji. Har yau idan na tuna sai abinci ya fita raina.

Za a kuma tambaye ka abin da ba ka sani ba. Mawardi da kansa ya faɗa a littafinsa Adabud Dunya wad Din cewa ya taɓa wallafa littafi kan ciniki har ya ji babu kamarsa a fannin, sai wasu ƙauyawa biyu suka zo masa da tambayoyi huɗu kan wani cinikinsu, ya kasa amsa ko ɗaya. Suka wuce wurin wanda bai kai ɗalibansa ba, nan take ya warware musu. Bai ɓoye wannan ba, shi ya rubuta da hannunsa. Ya rasu a Bagadaza a 450, wato 1058, yana da shekara 86 a lissafin Hijira.

Na naɗe littafin Al-Ahkam ɗin a leda na ba ƙaninka, zai kawo maka ranar Asabar. Na sa tsinke a farkon babin da na ce. Ka bi shafukan a hankali, ɗinkin ya saki. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce a kawo mata yaran hutun nan. Allah ya yi maka albarka, ya yi riƙo da hannunka.

Mahaifinka.