Ziyarar aboki a ƙasar waje: takardun da ɗan Maraɗi ke bukata

Mutanen Maraɗi matafiya ne tun kaka da kakanni. Katsinawa ne suka kafa sarautar garin bayan jihadi. Gobirawa kuma suka kafa Tibiri cikin shekara 1836. Shi ya sa gidaje da yawa ke da dangi ko amini a Katsina, Kano ko Sakkwato. A da mutum sandarsa da goransa kawai yake ɗauka ya tafi gaisuwa. Daga baya Faransa da Ingila suka ja iyaka tsakanin ƴan uwa. Zumunci a ƙafa yake, amma yau sai ƙafa ta tafi da takarda.

Tafiya kusa

Wanda zai tafi Katsina yana shiga mota a tashar Maraɗi. Motar ta yi kudu, ta bar garaken Jiratawa masu zogala, ta tsaya Ɗan Isa wajen ƴan sanda da duwan. Gaba kaɗan sai Jibiya, cikin Najeriya. Wannan tafiya ba ta son biza. Cikin shekara 1979 ƙasashen Sedeyawo suka yarda ɗan wata ƙasarsu ya shiga wata, ya kai kwana 90 babu biza. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025. A ranar Sedeyawo ta ce a ci gaba da barin mutanen ƙasashen uku su wuce kamar da, sai ta sake magana.

Duk da haka mai tafiya ya riƙe katin ɗan ƙasa da katin allurar shawara. Allurar sau guda ake yin ta, ta isa har ƙarshen rai. Ya kuma saurari rediyo kafin ya tashi, domin iyaka takan rufe. An rufe ta cikin 2019. An sake rufe ta cikin 2023, ba a buɗe ba sai watan Maris 2024.

Tafiya nesa

Idan abokin yana Makka, Turai ko Amurka, magana ta sake. Abu biyu ake bukata: fasfo da biza. Fasfo littafi ne na ƙasar mutum, mai shaida ko shi wane ne. Hukumar ƴan sanda ke ba da shi, sai da takardar haihuwa da takardar shaidar ɗan ƙasa. Biza kuwa izini ne na ƙasar da za a je. Sarkin gari ba ya ba da ita, mai unguwa ba ya ba da ita. Ofishin jakadan ƙasar ke ba da ita. Ofisoshin jakadu suna Yamai, tafiyar da ta fi kilomita 600 daga Maraɗi. Faransa ta rufe nata a farkon 2024. Saboda haka a fara tambaya inda ake karɓar takardu kafin a biya kuɗin mota.

Ƙasashen Turai 29 biza guda suke da ita. Ga abin da suke nema:
1. Fasfo mai sauran kwana, da hotuna.
2. Takardar gayyata daga abokin, da sunansa da inda yake zaune.
3. Shaidar kuɗin ci da na mota, da tikitin dawowa.
4. Inshorar magani, ko da ciwo ya kama mutum can.

Cikin 2024 kuɗin wannan biza ya kai yuro 90, wajen jika 59. Ko an hana mutum, ba a mayar da kuɗin. Bizar ziyara ba ta wuce kwana 90, kuma ba ta ba da izinin aiki ba.

Babbar tambayar ma'aikacin jakada guda ce: mutumin nan zai dawo gida? Gona, bisashe, iyali da sana'a su ne amsar manomi. Takardar gona da ta aure suna da amfani a nan. Ya faɗi gaskiya. Ƙarya guda tana rufe ƙofa shekaru.

A yi hattara

Akwai masu yawo kasuwa da tasha suna cewa suna da hanya. Sai manomi ya sayar da sa ko ya jinginar da gona, ya miƙa kuɗi babu rasit. Daga nan ba mai hanya, ba biza. Wanda ya iya karatu yana duba sunansa da kwanan watan da ke bisa takarda da idonsa. Wanda bai iya ba ya nemi amintacce ya karanta masa kafin ya dangwala yatsa.

Barauniyar hanya ta fi wannan muni. Cikin Oktoba 2013 an tarar da gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Yawancinsu mata ne da yara. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su.

Mai son ziyara ya fara neman takardu da kaka, ya tafi da rani, ya dawo kafin kwanakin biza su cika. Wanda ya wuce kwanansa ana kama shi a koro shi, abokin da ya gayyace shi kuma ya sha kunya. Wanda ya dawo bisa lokaci ya tarar da shuka, gobe kuma ƙofa a buɗe take gare shi. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa lafiya.