Gidan Wasan Da Uwa Ta Gina Don Bikin 'Yarta

'Yan uwana mata, yau ga ni da tsarabar Bayreuth, wani ɗan madaidaicin gari a jihar Bavariya ta ƙasar Jamus. Abin da ya kai ni shi ne tsohon gidan opera ɗinsu, wato wasan kwaikwayon da ake rera zancensa da waƙa.

Gaskiya da na tsaya a waje raina shi na yi, don gini ne na dutse a jere da sauran gidajen titin. Ina sa ƙafa ciki kuwa sai na saki baki. Tirƙashi! Ashe duk zauren katako ne da kyallen zane, an sassaƙa, an shafe da shuɗi, kore da ruwan zinare. Benaye uku ne suka kewaye shi, ga rumfar sarki a tsakiya tana fuskantar dandamali. Yana cin mutum wajen 500. Wani gwani ɗan Italiya, Giuseppe Galli Bibiena, da ɗansa Carlo suka tsara cikin.

Mai gidan fa mace ce, Gimbiya Wilhelmine, yayar Sarki Frederick na Prussia. Ita kanta auren dole mahaifinta ya yi mata zuwa garin a 1731. Da aka sa ranar 'yarta tilo, Friederike, sai ta ƙudura yi mata bikin kece raini. Aka buɗe gidan a watan Satumba 1748, amarya tana da shekara 16, angonta Carl Eugen, sarkin Württemberg, yana da 20. Aka yi kwanaki ana shagali.

To amma ina! Ango ya zama mai neman mata, 'yar da suka haifa kuma ta rasu tana jaririya. A 1756 Friederike ta zo ganin gida, daga nan ba ta sake komawa ɗakinta ba. Bayan shekara biyu uwar ta rasu.

Daga nan aka rage amfani da gidan, kuma hakan ya taimaka wajen tsirar da shi, domin a zamanin kyandir gobara ta cinye ire-irensa da yawa. Ya kuma tsallake bama-baman 1945. A 2012 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, aka yi masa gyara, aka sake buɗe shi a 2018.

Na daɗe ina kallon rumfar nan, ina tunanin yarinyar da ta zauna ciki ana yi mata tafi. Ginin ya haura shekara 270 a tsaye, zaman auren kuwa shekara 8 kacal ya yi. Don haka 'yar uwa, kafin ki tsaya lissafin akwatunan lefe, ki fara bincika halin mai kawo su.