Gidan Madugun Amurka da Zauren Kakana

A bakin titin da ya raba jihar Misuri da ta Kansas, cikin birnin Kansas City, akwai wani farin bene na katako da aka gina a 1856. Gidan Alexander Majors ne. Da na ji sana'arsa sai na ce a raina, ashe madugu ne. Dubban shanu yake ɗaura wa amalanke su ja kaya zuwa Santa Fe da sansanonin soja na yamma, kuma duk wanda zai yi masa aiki sai ya rantse ba zai sha giya ba, ba zai yi ashar ba.

A 1860 shi da abokan cinikinsa biyu, Russell da Waddell, suka kafa Pony Express. Mahayi ya ɗauki jakar wasiƙu daga St. Joseph, ya yi ta sauya doki zango bayan zango, ya miƙa wa wani mahayin, har saƙo ya isa Sacramento cikin kwana 10, tafiyar kilomita 3,000 da ɗoriya. Abin bai yi tsawon rai ba. Wayar tangaraho ta haɗa gabas da yamma a watan Oktoba na 1861, dawaki suka koma turke, jari ya karye. Majors ya rasu a 1900 ba shi da abin kirki a hannu.

Amma ga gidansa tsaye. Da ya fara lalacewa wata tattaɓa-kunnensa ta saye shi ta gyara, yau kuma gidan tarihi ne. Na bi ɗakunan ina kallon gadaje a shimfiɗe, kujeru a jere, murhu ba toka. Mai yi mana bayani tana magana ƙasa-ƙasa kamar akwai marar lafiya a ciki. Abin ya burge ni, ya kuma ɗan ba ni tsoro, don a wajenmu gidan da ba a hura wuta sunansa kango.

Ni ɗan Birnin Ƙonni ne, kuma aika saƙo ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu fatake sun kora jakuna har Gwanja neman goro, madugu uban tafiya a gaba, kuma ba ayarin da ke tashi ba a cusa masa wasiƙar ajami ko ƙullin kuɗi na wani ba. Jikokinsu na nan a tasha. Ina yaro na sha rakiyar innata da kwalin kilishi da ɗan buhun albasar Galmi za a kai wa yayana a Yamai. Ɗan kamasho ya ɗaga kwalin ya jinjina, ya ce, “Hajiya, jaka biyu.” Ta ce, “Haba ɗan nan, kayan ɗalibi ne fa.” A daidaita, a rubuta suna a jikin kwali, karen mota ya ɗaure shi a sama. Ba rasiɗi, ba hatimi. Kafin gari ya waye kaya sun ci kilomita 400 da wani abu sun isa hannun mai su. Majors sai da ya sa mutanensa rantsuwa. Direban tasharmu kunyar idon Hajiya ta ishe shi, domin gobe ma ta nan zai biyo.

To me ya sa ba mu da gidan madugu ko ɗaya da baƙo zai shiga ya gani? Wasu za su ce ƙasa ce, ginin laka in an bar yaɓe damina biyu sai ya zube. Wasu su tuna 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Ƙonni ta ƙone ta. Duk gaskiya ne, sai dai ni na fi ganin hannun gado. Mai gida na rasuwa, a raba: wannan ya ja katanga, wancan ya fasa shago ta bakin hanya, wani ya sayar da kasonsa ya sayi simintin Malbaza ya yi gini a sabuwar unguwa. Ba wanda zai yarda a kulle ɗaki goma don tunawa da mamaci alhali jikokinsa na neman inda za su ajiye amare. Ban kuma ga laifinsu ba. Ko a Kano, inda aka adana Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, na sarauta da na mulki aka adana. Mai jakuna ba ya cikin lissafi.

Abin da muke riƙewa suna ne. A ce Zango, a ce Gidan Madugu, ko da ba tubalinsa ɗaya a wurin. Sai dai suna ba ya nuna wa yaro faɗin mangala, ko inda ake jiƙa goro kada ya bushe a hanya, kuma wannan rashin ya tsaya mini a rai ina tsaye gaban tsohuwar amalanke a ƙasar mutane.

Da daddare na kira kawuna na tambaye shi zauren kakanmu, inda fatake ke sauke kaya. Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, zaure na nan, an sa masa rufin kwano. Ɗan ƙanenka ke cajin waya a ciki, har direbobin Tawa na barin saƙo wurinsa.”