Tama: inda garwashi ke ɗinke roba

Tama ƙasar tudu ce. Tana cikin gundumar Buza, jihar Tawa, tsakanin Madawa da Keita, inda duwatsun Adar ke gangarowa kwarin Majiya. Ruwan Majiya baƙo ne: ya zo da damina, ya bi ta Ƙonni, ya faɗa Najeriya. Abin da ke zama shi ne layukan dogon yaro da manoma suka fara dasawa a kwarin tare da ƙungiyar CARE cikin 1975 don tare iska, sai garaken albasa da moto-pompu ke shayarwa da rani.

Jirgi ba ya yawo a nan. Amma sana'ar da ke ceton injin jirgin ruwa a Gaya ko tabkin Cadi tana zaune a kasuwannin wannan kwari, gaban murhun gawayi. Ita ce likin roba. Jarkar da manomi ke kai isansi garka da tankin mai na injin jirgi, galibi roba guda ce, wadda masana ke kira poliyetilan. Wanda ya iya ɗinke ɗaya ya san ciwon ɗayar.

Da yawa daga cikin injunan da ake ɗaurawa a bayan jirgi suna ƙone isansi haɗe da man inji. Ƙananan da hannu ake gauraya musu, sau da yawa lita 1 ta mai ga lita 50 ta isansi. Waɗansu manyan kuwa suna da tankin roba na mai shi kaɗai, da ɗan famfo mai aunawa. Zafi da girgiza su kan tsaga tankin. In man ya tsiyaye matuƙi bai ankara ba, inji ya kafe a tsakiyar kogi, da mutane da kaya a ciki.

Mai gaggawa ya kan nemi gam. Asarar kuɗi ce, domin wannan roba santsi gare ta kamar kakin zuma, ba ta riƙe gam. Wuta kaɗai take ji: tana narkewa wajen digiri 130. Gwani ya kan juye tankin, ya wanke shi da omo har maiƙo da wari su fita, ya shanya. Tankin isansi in da sauran tururi a ciki, fashewa yake yi in ya ji wuta. Sannan ya huda bakin tsagar nan da can da ƙusa mai zafi don kada ta ci gaba, ya kankare ta, ya yanko zirin roba daga tsohuwar jarka iri ɗaya. Alamar PE ko lamba 2 a gindin jarka ita ce shaida. Da wuƙar da ta sha garwashi yake narka zirin cikin tsagar, wani lokaci ya nutsa ɗan ragar waya don ƙarfi. In robar ta yi baƙi tana hayaƙi, ta ƙone, aiki ya ɓaci. Daga ƙarshe a cika tanki da ruwa ya kwana, a duba, a busar da shi sarai.

Tun faɗuwar darajar sefa cikin Janairun 1994, da ta ninka kuɗin kayan waje, talaka ya ƙara riƙo da gyara. Sabon tanki sai an aika Kano ko Kwatano. Liki kuwa kafin a tashi kasuwa an gama.

Sai dai gyara na da iyaka. Tsagar da ta kama wuyan tanki ko mafitar tiyo, da robar da rana ta cinye har tana gutsurewa, ba sa ɗaukar liki, kuma mai sana'a na ƙwarai ya kan mayar wa mai kaya abinsa ya ce a sayi sabo. A Tama, jarka in ta yoye, manomi ya rasa ban ruwan yini guda. A kan kogin Isa, babu inuwar da za a zauna a jira bakanike.