Daga Madawa zuwa Kaita: hanyar da ke auna gaɓoɓin mota

Matafiyin da ya bar babbar hanya ta RN1 a Madawa, ya doshi arewa wajen Buza da Kaita, ya shiga ƙasar Adar ke nan: tudu na baƙin dutse, gangare mai tsauri, sai kwari mai albarka. A kwarin Majiya zai iske jerin itatuwan dogon yaro da ƙungiyar CARE ta soma shukawa da talakawa a 1975 don tare iska. A Kaita zai ga gandun tsare ruwa na furojen da Italiya da FAO suka buɗe a 1984. Albasar Tarka da ta Majiya kuwa, mota ce ke fidda ta daga garake, ta hanyoyin karkara masu gargada da ƙoramu.

Waɗannan hanyoyi su ne alƙalin kayan gyara. Abin da ke fara gajiya a ƙarƙashin Toyota Hilux ko tsohuwar Peugeot bashe shi ne rotil, wato gaɓar ƙarfe mai kan ƙwallo da ke haɗa ƙafar mota da jikinta. Manyan kamyo su ma suna da irinta a sandunan sitiyari. Wata ƴar roba ce ke rufe ta, tana riƙe giris a ciki. Ran da robar ta tsage, ƙura ta shiga, sai giris ya koma kamar dutsen niƙa, ƙwallon ya cinye, taya ta riƙa ci ta gefe ɗaya. In gaɓar ta fice a kan gangare da lodi, ƙafar mota sai ta kwanta, dukiya da rai su shiga haɗari.

A garejin Madawa, mai mota yana da zaɓi uku: orijin ta kamfani, adaftabil da wasu masana'antu ke ƙerawa, ko tsohuwa da aka kwance daga motar Turai. Tun Janairun 1994, da aka rage darajar Sefa da rabi, orijin ta yi wa da yawa nisa, kayan da ke shigowa ta Kano da Sakkwato suka cika kantuna.

Ta kamfani ta fi ƙarfe mai kyau da awo daidai, amma sau da yawa a liƙe take, ba a ƙara mata giris. In ta mutu, sai sabuwa. Cikin adaftabil akwai masu kyau, masu ɗan bakin ɗura giris, waɗanda ke daɗewa in yaron mota bai yi sakaci ba, musamman bayan ratsa ruwan damina. Akwai kuma jabu, cikin kwali mai kama da na gaskiya, wadda robarta ke bushewa da zafin bazara ɗaya. Tsohuwa kuwa, ba mai sanin nisan da ta riga ta ci.

Lissafin bai tsaya ga farashin kanti ba. Motar da ta kwana biyu tsakanin Buza da Kaita da buhunan albasa cikin rana, hasararta ta wuce rarar da aka samu wurin saye. Araha ba ta ado. Sai dai ko mai tsadar ba ta jure lodin da ya wuce kima. A Adar, direban da ke leƙa ƙarƙashin motarsa kafin ya bar tasha, ya duba roba, ya jijjiga taya, shi ke isa kasuwa a kan kari.