Makonni Uku da Suka Girgiza Teburin Dungeons & Dragons

A ranar 5 ga Janairun 2023, shafin Gizmodo ya wallafa rahoton Linda Codega a kan wani daftarin lasisi da ya sulale daga kamfanin Wizards of the Coast na Amurka, mamallakin wasan Dungeons & Dragons. Kwana 22 bayan haka kamfanin ya janye daftarin, har ya saki fiye da abin da aka nema a wurinsa. Ba kasafai babban kamfani ke lashe amansa da irin wannan sauri ba, musamman idan waɗanda suka tilasta masa mutane ne da duk makaminsu bai wuce littattafai da fensir ba.

Wasan kansa ba shi da wuyar fahimta. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama kewaye da tebur. Ɗaya ya zama jagora, shi ke siffanta duniyar almara da dodanninta da garuruwanta, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. Idan abin yana da haɗari, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska ashirin, ita ta yanke hukunci. Tatsuniya ce da masu saurare ke da hannu a cikinta. Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a 1974 a ƙarƙashin kamfanin TSR, wanda daga baya ya yi ƙaurin suna wajen maka masu fitar da wasanni makamantan nasa a kotu. Shi Gygax ɗin ma bai tsira ba bayan ya bar kamfanin.

Wizards ya sayi TSR a 1997, Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999. A shekarar 2000, tare da bugu na uku na wasan, wani jami'in kamfanin mai suna Ryan Dancey ya jagoranci fitar da buɗaɗɗen lasisi da ake kira OGL. Lasisin ya ba kowa damar ɗaukar ginshiƙan dokokin wasan ya rubuta nasa littafin, ya sayar, ba tare da ya biya ko sisi ba. Lissafin Dancey na ɗan kasuwa ne: duk wanda ya sayi littafin wani ƙaramin mawallafi, ƙarshenta sai ya nemi babban littafin Wizards.

A nan ne abin da ya fi muhimmanci yake, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A dokar Amurka, haƙƙin mallaka ba ya hawa kan dokokin wasa su kansu. Abin da yake karewa shi ne lafazin da aka rubuta su da shi, da zane-zane, da labaran da aka ƙaga. Ke nan mafi yawan abin da OGL ya "bayar" daman ba a kulle yake ba. To me mawallafa suka samu? Kwanciyar hankali. Iyakar da ke tsakanin doka da lafazinta ba a fili take ba, kuma mutumin da ke buga littafi daga ɗakin kwanansa ba zai iya ɗaukar nauyin lauyoyi don a fayyace masa ita ba, ko da shi ke da gaskiya. Lasisin alkawari ne cewa zamanin TSR ya wuce. A kan wannan alkawari mutane suka ajiye ayyukansu, suka kafa kamfanoni, suka ɗauki ma'aikata.

An taɓa gwada ƙarfinsa sau ɗaya. A 2008 Wizards ya fitar da bugu na huɗu da wani lasisi mai tsauri, sai kamfanin Paizo ya riƙe tsohon lasisin ya gina wasan Pathfinder a 2009, wanda ya zama babban abokin hamayya. Ana iya cewa shugabannin Hasbro ba su manta da wannan ba.

Daftarin 2023 ya zo da sharuɗɗa masu nauyi. Duk wanda kuɗin shigarsa ya haura dala 750,000 a shekara zai biya kashi 25 cikin ɗari na abin da ya ɗoru a kai, kuma daga kuɗin shiga ake lissafi, ba daga riba ba, a sana'ar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba. Kamfanin zai sami ikon amfani da abin da wasu suka rubuta, zai kuma iya sauya sharuɗɗan da sanarwar kwana 30. Amma abin da ya tayar da ƙura shi ne iƙirarin cewa tsohon lasisin ya daina aiki. Rubutunsa ya ce na har abada ne, sai dai bai ce ba a iya soke shi ba, kuma ta wannan 'yar kafa aka so a bi. Dancey ya fito ya ce ba haka aka nufa ba. Bayanin da kamfanin da kansa ya wallafa shekaru da dama kafin nan ya ce idan aka sauya lasisin, kowa na iya ci gaba da amfani da tsohon.

Ba a kai ga kotu ba. 'Yan wasa sun gano inda ke yi wa kamfanin ciwo, wato D&D Beyond, manhajar da Hasbro ya saya a 2022 a kan dala miliyan 146.3, suka shiga soke rajistarsu ta biyan kuɗi. Ƙorafi a intanet ana iya kawar da kai daga gare shi, amma wannan adadi ne da ke bayyana a gaban masu lissafi kowace safiya, ga kuma fim ɗin wasan yana shirin fitowa a watan Maris. Ranar 12 ga wata Paizo ya sanar da cewa zai samar da sabon lasisi mai suna ORC wanda ba zai kasance a hannun kamfani ɗaya ba. Wizards ya kawo gyararren daftari tare da ƙuri'ar jin ra'ayi. Sama da mutum 15,000 suka amsa, kashi 89 cikin ɗari suka ƙi amincewa da soke tsohon lasisin.

Ranar 27 ga Janairu, Kyle Brink ya sanar a madadin kamfanin cewa OGL na nan daram, an kuma saka ginshiƙan dokokin bugu na biyar a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba Wizards ya rubuta ba, ba kuma shi da ikon janye shi. Wannan mataki ya cancanci yabo, kuma kamfanin ya maimaita shi a Afrilun 2025 da sababbin dokokinsa.

Duk da haka, manyan mawallafa ba su koma inda suke ba. A takarda sun fi samun kariya yanzu fiye da kowane lokaci, amma sun riga sun ga cewa akwai ranar da wani a cikin kamfanin ya zauna yana neman kafa a cikin alkawarin. Kobold Press ya fitar da nasa wasan, Tales of the Valiant. Paizo kuwa ya yi wa Pathfinder kwaskwarima, ya fara fitar da sababbin littattafan a Nuwamban 2023 a ƙarƙashin ORC. Ya bi shafi bayan shafi yana cire abin da ya gada daga Dungeons & Dragons: ya sauya sunayen tsafe-tsafe, ya yar da tsohon tsarin da ke raba jarumai zuwa nagari da mugaye, ya kuma kori wasu halittun da 'yan wasansa suka shafe fiye da shekara goma suna yaƙa a ƙarƙashin ƙasa.